Rauni Ya Rufe, Zugi Bai Tafi Ba

Ni haifaffiyar Birni ce a cikin garin Damagaram, kuma a gidan dukanci na tashi. Mahaifinmu yana ɗinka jakunkuna da takalma da kuben wuƙa da fatar da ake sayowa daga majema, mu kuwa yara mata aikinmu shi ne zare fata da murza igiya idan mun dawo daga makarantar allo. A irin wannan gida yanka da huda ba labari ba ne, domin idan basilla ta soki yaro sai a tofa masa addu'a, a ɗaure wurin da tsumma, washegari ya koma bakin aiki. Mahaifiyarmu mace ce mai tsananin dauriya, wadda ta haifi ƙannena a ɗaki ba tare da maƙwabta sun ji ko tari ba, kuma abin da ta fi ƙi a rayuwarta shi ne raki. Da wannan tarbiyya na girma, ina ganin cewa ciwo yana zuwa da rauni, yana tafiya da warkewarsa, wanda kuma ya ci gaba da kuka bayan miki ya bushe, to son jiki ne yake damunsa.

Ni ce ta farko a gidanmu da aka sa a lakwal, wato makarantar boko. Na yi kwaleji da lise a nan Zinder, na je Yamai na yi karatun koyarwa, sannan na dawo gida na zama malamar kimiyyar halitta a wata kwaleji. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai hanyar da ji yake bi a kan allo: daga fata zuwa jijiya, daga jijiya zuwa laka a cikin ƙashin baya, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Ina zana ta miƙaƙƙiya, da kibiya guda mai nuna sama, yara suna kwafa suna haddacewa, ni ma ban taɓa jin wani abu ya rage a cikin zanen ba.

A farkon daminar da ta gabaci shekarar korona ne abin ya same ni. Hadari ya taso daga gabas da yamma lis, da irin jar iskar nan da ke rufe gari kafin ruwa ya sauka, na fita tsakar gida in kwashe shanya. Iskar ta ɓamɓaro kwano daga rumfar awaki ta yo kaina da shi, na ɗaga hannun dama in kare fuskata, bakin kwanon ya yanke ni a cikin hannu, ɗan sama da wuyan hannu. Ban ji zafi sosai ba a lokacin, jinin da na gani ne ya tayar mini da hankali. Maigidana ya ɗaure damtsen da ɗankwalina, aka sa ni a adaidaita cikin ruwa aka kai ni asibiti. Aka yi mini aiki, aka ɗinke jijiyoyin da ke motsa yatsu, aka kuma haɗa babbar jijiyar ji da ke bi ta tsakiyar hannu, wadda ke kula da babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Likitan da ya yi aikin ya yi ƙoƙari ƙwarai, har yau ina yi masa addu'a.

Makonnin farko hannun a mace yake. Ina kallon ana taɓa yatsuna uku amma ba na jin komai, sai ka ce na wani ne aka ɗora mini. An bayyana mini cewa ɓangaren jijiyar da ke gaba da yankan yakan lalace gaba ɗaya, ƙwayoyin garkuwar jiki su zo daga jini su share ɓaraguzan, sannan sabon zare ya fara tsirowa daga inda aka ɗinke, yana tafiyar kimanin milimita ɗaya a yini. Da yake ni malamar makaranta ce, sai na sa aka auna mini da rula daga tabon zuwa kan yatsan tsakiya, aka samu kusan santimita 20, na buga lissafi na ga abin zai haura wata shida. Na ce to, haƙuri ne kawai, kuma haƙuri ba baƙona ba ne.

Tun ba a je ko'ina ba zugin ya fara. Da farko tsikari ne a tafin hannu da dare, daga baya ya zama ƙuna wadda ba ta tsayawa, irin ta wanda ya dafa garwashi, kuma a cikin ƙunar wani abu yakan fizge ni daga wuyan hannu zuwa kan yatsa kamar na taɓa wayar lantarki. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, yatsan da ba ya jin tsinin allura shi ne kuma yake ci da wuta, gefen tafin hannun da ji ya fara dawowa kuwa ya zama ba ya son a kusance shi. Bakin hijabi idan ya goge shi sai na cije leɓe. Iskar fanka, da zanen gado, da gashin kan autata idan ta kwanta a jikina, duk sun zama abin gudu. A lokacin miki ya riga ya rufe, an cire zare, tabon ya yi kyau, babu kumburi babu ruwa, duk wanda ya duba sai ya ce ai Madam kin warke, saura godiya.

Hannun dama ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, sai wanda ya rasa amfaninsa yake sani. Na koma cin abinci da cokali a hannun hagu, a ɗaki ni kaɗai, don kada yara su gani su ɗauka. Tuƙin tuwo da daka da wanki suka koma kan babbar ƴata, wadda take shirin jarrabawa a shekarar. A wurin suna ko biki sai in naɗe hannun cikin mayafi, domin mace ɗaya mai fara'a idan ta kama shi ta girgiza, kwana zan yi ban runtsa ba, kuma na sha jin an ce tun da ta zama Madam ba ta son gaisawa da mutane. Alli kuwa ya gagare ni riƙewa, sai in zaɓi ɗalibi mai kyawun rubutu ya tsaya a allo ina faɗa yana rubutawa. Abu ɗaya da ke ɗan lafar da wutar a lokacin zafi shi ne jiƙaƙƙen tsumma. Kullum akwai ƙaramar roba da ruwa a ƙarƙashin teburina a aji, ina tsoma ƙyalle ina naɗawa a hannun, a garin da kowa ya san yadda ruwa yake tsada a bazara. Da hunturu ya shigo sai abin ya juya, sanyi ya zama shi ne abokin gaba, alwalar asuba ta koma sai an ɗumama mini ruwa.

Mutane ba su bar ni ba, kowa ya kawo nasa bayanin da kyakkyawar niyya. Wasu suka ce ai irin wannan iska ba ta tafiya ita kaɗai, mutanen ɓoye ne suka shafe ni. Wasu suka ce a duba wurin aiki, wataƙila akwai mai baƙin ciki. Surukata ta aiko a kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho a fitar da mataccen jini, na ce mata: «Inna, ki yi mini haƙuri, wurin da ba ya jure auduga ba zai jure aska ba.» Ba ta ji daɗi ba, amma ta ƙyale ni. Rubutu da tofi kuwa na karɓa hannu biyu, kuma sun kwantar mini da zuciya a daren da babu abin da ke kwantar da ita. Maganar da ta fi yi mini nauyi ta mahaifiyata ce, wadda ta zo dubiya ta juya hannun ta ga tabon a bushe, ta ce a hankali: «Ƴar nan, ki daure mana, ba a san mu da haka ba.» Ban iya ba ta amsa ba, saboda ni kaina na fara zargin kaina. Hoton radiyo bai nuna komai ba, gwajin jini lafiya lau, kuma zanen da na yi shekaru ina koyarwa ba shi da gurbin ciwon da ba rauni a bayansa.

Na sha farasitamol da ibufurofen da dikulofenak har cikina ya fara ƙuna, amma ko gezau. Daga baya aka rubuta mini tramol, wanda ya ba ni barcin da na daɗe ban samu ba, sai dai sauƙin ba ya daɗewa, kuma bayan ɗan lokaci abin da yake isa ta a da ya daina isa. Ina sane da abin da wannan ƙwaya ta yi wa samari a garin nan, domin wasu daga cikinsu ta ajina suka bi, saboda haka duk lokacin da na ɓare ta sai gabana ya faɗi. A wannan tsakanin ne na kai ga tunanin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai maigidana, wato in roƙi likitoci su yanke hannun daga gwiwa in huta. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce kafin a kai ga haka sai mun je Yamai mun ga likitan jijiyoyi, ko da za a sayar da awakin da filin da ya gada a hanyar Mirriya.

Tafiyar kusan kilomita 900 ce, ta Maraɗi da Ƙonni da Doso, kuma girgizar mota ta sa na yi ta riƙe da hannun a sama kamar mai rantsuwa. Likitan da muka gani bai fara da duba tabon ba, tambayoyi ya fara yi mini daga wata ƴar takarda da likitocin Faransa suka tsara a 2005, mai abubuwa goma. Ya tambaye ni ko ciwon yana ƙuna, ko yana zuwa da sanyi mai zafi, ko yana fizga kamar lantarki, ko akwai tsikari da suka da mutuwar fata da ƙaiƙayi, sannan ya gwada ni da taɓi da tsini da shafa auduga. Ya ce wanda ya samu huɗu daga cikin goman, ana ɗaukar ciwonsa daga jijiyar kanta yake fitowa, ni kuwa na zarce haka nesa. Wannan ne karo na farko da wani ya riga ni faɗin abin da nake ji. Da na kawo maganar yanke hannu sai ya ajiye biro ya ce: «Madam, ko an yanke shi ba lallai ciwon ya bi shi ba, domin da yawa daga waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin zugi a gaɓar da babu ita. Raunin a hannu aka yi shi, amma canjin ya kai har cikin laka.» Ya zana mini ƙashin wuya, ya ɗiga alama a inda jijiyar hannu take shiga, ya ce akwai wasu ƙwayoyin garkuwa a wurin da ake kira mikrogiliya, kuma bincike ya nuna suna da hannu a irin wannan lamari.

Ban taɓa koyar da su ba, sunansu kawai na taɓa gani a gefen littafi. Da muka dawo gida na sa ƙanena, wanda yake karatun likita a Jami'ar André Salifou, ya riƙa samo mini abin da aka rubuta a kansu, yana fassara mini na Ingilishi. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Pío del Río Hortega, shi ne ya fara bayyana su sarai a 1919 a birnin Madrid, bayan ya rina yankan ƙwaƙwalwa da wani rini mai sinadarin azurfa. Ba ƙwayoyin jijiya ba ne, ba sa ɗaukar saƙon ji ko na motsi, dangin ƙwayoyin garkuwar jiki ne da suke shiga ƙwaƙwalwa da laka tun ɗan tayi bai gama haɗuwa ba, su zauna a can har ƙarshen rayuwa, kuma sun kai kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke wurin. An daɗe ana ɗauka a kwance suke sai cuta ta zo, har sai da aka ɗauki hotonsu a cikin ɓera mai rai a 2005, aka ga siraran rassansu ba sa daina miƙewa da janyewa, suna lalube abin da ke kewaye da su, suna share matattun ƙwayoyi.

Abin da ke faruwa bayan an yanke jijiya shi ne ya hana ni barci a wannan karo, amma don mamaki. Kowane zaren ji da ke yatsa yana da uwarsa a wani ɗan ƙulli kusa da ƙashin baya, kuma daga nan wani reshe yake shiga laka. Masu bincike a San Faransisko sun nuna a 2016 cewa idan aka raunata jijiyar ɓera, waɗannan uwayen zaren ji suna ƙera wani sinadari mai suna CSF1 su tura shi cikin laka, shi kuma ya sa mikrogiliya su hayayyafa a daidai ɓangaren da jijiyar ta shiga, su janye rassansu su kumbura. Tun kafin haka, a 2003, Makoto Tsuda da Kazuhide Inoue da abokan aikinsu a Japan sun gano cewa mikrogiliyar da aka tayar suna fito da wata makama a jikinsu mai suna P2X4, wadda ke karɓar sinadarin ATP, wannan dai ATP da nake gaya wa yara shi ke riƙe da kuzarin ƙwayar halitta. Da suka toshe makamar, ɓerayen da ke janye ƙafa saboda ɗan taɓi suka daina janyewa. Da kuma suka ɗauki mikrogiliyar da aka tsokana da ATP suka zuba a lakar lafiyayyen ɓera, sai ya kama jin zafin taɓi alhali ba a yi wa jijiyarsa komai ba. Na sa ƙanena ya maimaita mini wannan wuri, ya ce: «Yaya, haka yake a rubuce.» Ga ciwo babu miki, an ƙirƙire shi da gangan a ɗakin gwaji, an kuma auna shi.

Sauran bayanin daga Kanada ya fito. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa laka ba wucewa kawai saƙo yake yi ta cikinta ba, akwai ƙofa da ke tace abin da zai hau zuwa ƙwaƙwalwa, da ƙananan ƙwayoyin jijiya waɗanda aikinsu danne saƙon da bai kamata ya zama ciwo ba. A 2005 ƙungiyar Yves De Koninck a Kebek da ta Michael Salter a Toronto suka nuna cewa mikrogiliyar da aka tayar suna sakin wani sinadari mai suna BDNF, wanda ke dagula ma'aunin kuloraid, wani sinadarin da ke cikin gishiri, a cikin ƙwayoyin da ke aika saƙon ciwo sama. Idan kuloraid ya taru a ciki, umarnin dannewa sai ya rasa ƙarfi, wani lokaci ma ya juye ya zama zuga, ta haka shafar auduga take isa ƙwaƙwalwa a matsayin ƙuna. Na kwatanta wa mahaifiyata abin da masu gadin unguwa waɗanda ɓarawo ya taɓa shammata sau ɗaya, daga ranar suka koma buga kuwwa ga duk wanda ya gifta, har da mai ga-ruwa da almajiri. Ta yi dariya, ta ce to ai masu gadin ne ke bukatar magani. Daga ranar ba ta sake ce mini in daure ba, sai dai ta tambaya ko sun bar ni na yi barci.

A cikin takardun har da labarin wani likita a Filadalfiya, Silas Weir Mitchell, wanda ya kula da sojojin da harsashi ya raunata wa jijiyoyi a yaƙin basasar Amurka, ya kuma rubuta a 1864 yadda wasunsu suke fama da ƙunar da ba ta ƙarewa, suna gudun iska da taɓi, suna yawo da ruwa suna jiƙa hannu a kai a kai. Na karanta wannan ina kallon robar ruwan da ke gefena. Maza ne, sojoji, a wata nahiya, fiye da shekara 150 da suka wuce, kuma dabarar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai, wadda nake ɓoyewa don kunya, ita ce tasu.

Sanin dalili bai warkar da ni ba, amma ya canza yadda na bi magani. Na gane abin da ya sa magungunan kumburi ba su yi mini komai ba, tun da ba kumburin miki ne ke damuna ba. Likitan ya janye ni daga tramol sannu a hankali, ba dare ɗaya ba, ya sa ni a kan amitiriftilin na ɗigo da dare, daga kaɗan yana ƙarawa. Ya gargaɗe ni cewa asalinsa maganin ciwon damuwa ne, kada in ga takardar cikin kwali in ɗauka yana nufin taɓin hankali gare ni, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Ya busar mini da baki, ya sa ni nauyin jiki da safe, azumin farko da na yi a kansa kuwa na sha ƙishirwa ba kaɗan ba. Bai yi mini alkawarin da ya fi ƙarfinsa ba. Wani babban nazari da aka fitar a 2015 ya nuna cewa sai an ba wa kusan mutum huɗu irin wannan magani kafin a samu ɗaya da maganin ne ya rage masa rabin ciwon, ga wasu magungunan ciwon jijiya, gabafentin da firegabalin, kuwa sai mutum bakwai zuwa takwas. Na yi sa'a ina cikin waɗanda ya karɓa. Game da dangin tramol kuma, na ci karo da wani gwaji da aka yi a Kolorado a 2016, inda aka ba wa ɓerayen da aka raunata wa jijiya mofin na kwana biyar kacal, ciwonsu ya ƙara tsawo da makonni masu yawa saboda maganin ya ƙara tunzura mikrogiliya. Gwajin dabba ne, kuma a kan mofin, amma ya isa ya sa na daina kewar ƙwayar da na bari.

Abin da ya fi wuya shi ne aikin mai gashin jiki, wanda muke kira kine. Na yi wata da watanni ina kare hannun daga duniya, sai ga shi an ce dole in koma taɓa shi da kaina. Muka fara da auduga a gefen da ba ya zafi sosai, minti kaɗan sau da yawa a yini, daga nan ƙyallen atamfa, daga nan tawul, har muka kai ga in tsoma hannun cikin ƙwaryar gero, sannan ta wake. Ranar farko da na sa yatsuna cikin geron hawaye ne suka zubo mini, ƴata tana riƙe da ƙwaryar tana cewa in bari haka, ni kuwa na ƙi cirewa sai da lokacin ya cika. Hikimar ita ce a riƙa aika wa laka saƙon taɓi na yau da kullum, daidai gwargwadon abin da mutum zai iya jurewa, har ta sake sabawa da shi. Dauriyar da aka koya mini a gida ta yi amfani a nan, amma da ma'auni, domin idan na wuce gona da iri hannun yakan rama da dare.

Akwai wani bincike da ya ɓata mini rai kafin ya burge ni. A 2015 ƙungiyar Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill da ke Montariyal, tare da abokan aikinsu, suka gwada hana mikrogiliya aiki a ɓeraye maza da mata. A maza zafin taɓi ya lafa, a mata kuwa bai lafa ba, alhali ciwon nasu ɗaya ne, kuma alamu sun nuna cewa jikin matan yana bi ta wasu ƙwayoyin garkuwa daban da ake kira T. Dalilin da ya sa aka daɗe ba a lura ba shi ne yawancin gwaje-gwajen da mazan ɓeraye ake yin su. Na ce wa ƙanena ashe har a cikin ɓeraye sai an gama da maza ake tunawa da mata. Wannan ya koya mini in rage gaggawar ɗora duk abin da na karanta a kan hannuna. Akwai ma wani tsohon maganin ƙwayoyin cuta, minosaikilin, wanda ke kwantar da mikrogiliya a dabbobi, amma da aka gwada shi a mutane masu ciwon jijiya bai ba da sakamakon da aka sa rai ba. Shi ya sa idan na ji wani yana tallar ganye ko ƙwaya a intanet yana cewa tana wanke garkuwar ƙwaƙwalwa ta kawar da ciwon jijiya, ba na ko tsayawa saurare.

Sauƙi ya zo mini a hankali, ta yadda ba zan iya nuna ranar da ya fara ba. Fizgar ta ragu, ƙunar ta koma ɗumi mai ɗan cizo, na fara riƙe alli da aka naɗe da ƙyalle, daga baya na cire ƙyallen. Ina cikin wannan hali ne a 2022 ƙanena ya turo mini sabon aikin Tsuda da ɗalibansa a Jami'ar Kyushu. Sun gano cewa bayan ciwo ya kai ƙololuwa a ɓera, wani rukuni na mikrogiliya masu alamar CD11c yana bayyana a laka, yana sakin sinadarin IGF1, kuma shi ne yake taimaka wa ciwon ya lafa. Ɓerayen da aka hana wa wannan rukuni ba su samu sauƙi ba, waɗanda kuma suka riga suka samu sauƙi, da aka kawar musu da shi sai ciwon ya dawo. Na daɗe ina jin haushin waɗannan ƙwayoyi kamar su ne suka cuce ni, sai ga shi a cikinsu akwai masu riƙe da lafiyar da ta samu. Wannan ya sa na fahimci sauƙina a matsayin abin da jiki yake aikin riƙewa kullum, kuma ya rage mini firgita a ranakun da zugin ya waiwayo.

Yana waiwayowa kuwa. Idan hunturu ya yi tsanani, ko na yi zazzaɓin cizon sauro, ko na kwana biyu ban samu barci ba saboda gyaran takardun jarrabawa, tafin hannun yakan tuna mini da kansa. Kan manunina har yanzu ba ya bambance gero da yashi, zare a allura sai ƴata ta sa mini, kuma tuwon gida da yawa ba ni ke tuƙa shi ba. Amma ina ci da damata a cikin mutane, ina gaisawa, an ma yi mini lalle a bikin ƙanena. Zanen allona ya canza: a cikin laka yanzu ina ƙara ƙananan ƙwayoyi masu rassa, in ce wa yara wannan ba ya cikin jarrabawa amma su saurara, kuma kusan kowace shekara sai wani ya tsaya bayan an tashi ya ce kakarsa mai ciwon sukari tana kukan tafin ƙafarta yana ci da wuta da dare, ko babansa bai daina jin zafi ba tun da ya faɗi da kabu-kabu. Nakan rubuta musu abubuwan da za a gaya wa likita ɗaya bayan ɗaya, ƙuna ko fizga ko tsikari ko mutuwar fata ko zafin taɓi, da lokacin da abin ya fara, in ce kada a tsaya ga cewa jiki ne ke ciwo. Ni kuma ina nan a kan ɗigon dare, wanda aka rage mini shi zuwa rabin abin da nake sha a da, kuma mun yi da likita cewa idan na fita hunturun bana lafiya za mu gwada sake ragewa.